Tumbin Akuyar Baƙi

Jikata ce ta tono mini wannan tsohon zance, ba kuma da niyya ba. Na je ziyara makarantarsu, wadda ita ce ni ma na yi, sai ta kama hannuna tana zagayawa da ni kamar baƙuwa. Ga sababbin azuzuwa masu fenti ruwan ƙwai, ga tankin ruwa a sama mai aiki da hasken rana, ga katanga ta kewaye ko'ina, har wurin da a da muke leƙen gonakin gero ta tsakanin waya. 'Yan mata kuwa sun cika fili. A zamaninmu idan an buga ƙararrawar taro, inuwar darbejiya uku ce ke ɗauke mu gaba ɗaya. Yanzu ko rabinsu ba ta rufewa. Da muka iso wani dogon ɗaki mai ƙofar ƙarfe, sai ta rage murya ta ce nan ne ɗakin kwamfuta. Na ce to mu shiga in ba idona abinci. Ta yi dariya ta ce, "Hajiya ke nan. Ai sai ranar da baƙi za su zo ake buɗewa, ran nan ma zaɓa ake yi." Na tambaye ta ko an taɓa zaɓarta. Ta ce a'a, wai an ce ba ta da baki. Na leƙa ta taga. Kowace kwamfuta an lulluɓe ta da leda, an jera kujeru tsaf, babu sawun kowa a ƙasa.

Na dawo gida abin yana cina. Yaran yanzu, har da waɗanda na haifa, idan aka taɓo karatun da sai su ce ai mu ba mu da komai, wahala kawai muka sha. Ban taɓa yarda da wannan magana ba, kuma ba zan yarda ba. Gaskiya ne ba mu da fanka, ba mu da famfo a ƙofar ɗaki, littafi guda mutum huɗu ke haɗa kai a kansa. Amma ba wannan ne ya hana ni sakewa ba. Abin da ya tsaya mini shi ne ganin an samu gini, an samu kaya, an samu ɗalibai har sun yi yawa, amma hali guda bai mutu ba: a ɓoye 'ya'yan gida, a gyara fuska saboda baƙo. Ni na san halin nan farin sani, domin an taɓa ɓoye ni.

Daga wani ƙauye na gefen Kiyawa aka kawo ni, a bayan motar da ta ɗauko buhunan gero, da akwatin ƙarfe guda da bokiti da tabarma. Iyayena mutanen kiwo ne da suka zauna suka kama noma bayan ciwo ya shiga garke ya cinye fiye da rabi. Ina ƙarama aka yi wannan, amma ban manta yadda Baffa, mahaifina, yake tsayawa a kan saniyar da ta faɗi ba, hannuwansa a baya, ba shi da abin yi mata. Tun daga nan na sa a raina sai na san maganin dabba, ban kuma gaya wa kowa ba, don ni ba mai magana ba ce. A makaranta ma haka. Wata guda aka yi wasu 'yan ɗakinmu suna zaton kurma ce ni. Sai dai wanda ba ya magana yana ji, yana kuma gani. Har yau ina jin ƙarar tsohon ƙarfen ƙafar mota da aka rataye a reshe, wanda ake bugawa da guntun rodi da asuba, ƙarar da ke shiga har cikin haƙori. Ina jin kukan guga a rijiyar bayan kicin, da shuu-shuu na tsintsiya ashirin a fili lokaci guda, da ƙarar kwanonin silba idan an yi layin tuwon masara. Na san wace taga ce ke buɗe kanta idan iska ta taso daga gabas, na san malamin da ke tafe daga jin jan takalminsa. Yanzu ƙararrawar lantarki ce da su, tana kuka kamar ta banki, kuma na lura ba wanda ke gudu idan ta yi.

Da muka kai ajin da ake rarraba ɗalibai, mu tara ne kacal muka zaɓi kimiyya. Sauran duk suka tafi ɗaya ɓangaren, domin ana cewa kimiyya ta 'ya'yan ma'aikata ce, waɗanda suka tashi da fitilar lantarki. Ɗakin gwaje-gwajenmu, wanda muke kira lab, tsohon aji ne da aka sa wa dogayen tebura biyu. Akwai kabad mai gilashi a kusurwa, kullum a kulle, cikinsa da na'urar nan guda ɗaya mai girmama ƙananan abubuwa, da wasu kwalabe da rubutunsu ya koɗe. Shekara guda muka yi muna kallonta ta gilashi, saboda shugabar makaranta, wadda kowa ke kira Hajiya, ta ce idan ta lalace babu wata. Malaminmu wani siririn mutum ne daga wajen Aujara, mai keke da ba ta da birki, da ƙafa yake tsayar da ita. Abin da babu a kabad shi yake nemo mana a daji. Ya taɓa shigowa da kwaɗo a aljihun riga, ya taɓa sa mu tone saiwar gyaɗa mu ƙirga ƙulle-ƙullen da ke jikinta. Yakan ce duk abin da ke cikin littafin nan wani ne ya fara ganinsa da ido kafin ya rubuta, kuma shi ma ido biyu gare shi kamar mu.

Sai kuma Iya, babbar mai dafa abinci, tsohuwa mai faɗin kafaɗa da bakin da ba ya raga wa kowa. Ita kaɗai ce ke sa ni magana, ta hanyar tsokana. In ta hango ni sai ta ce ga 'yar Fulani mai tsadar murya, ko an bar muryar a ruga ne ake tatsa? In na yi murmushi ta ƙara mini ƙanzo a kwano. Iya ba ta taɓa zama a aji ba, amma ta fi kowa sanin abin da ke gudana a makarantar, domin kicin yana bayan lab ne, tagar lab ɗin kuma gilasanta uku sun fashe. Takan ce ta yi shekaru tana karatu kyauta ta wannan taga, jarrabawa ce kawai ba a taɓa ba ta ba.

Wajen ƙarshen damina labari ya zo cewa masu duba makarantu za su zo daga ma'aikata, kuma ajin kimiyya za su duba. Idan suka ga ɗalibai ba su da yawa kuma lab ba ya aiki, za a rufe ajin, mai son ci gaba a tura ta wata makaranta mai nisa. Na san abin da wannan ke nufi a wurina. Baffa ya yarda da wannan makaranta ne kawai don yana iya biyowa ranar kasuwa ya gan ni da idonsa; ya riga ya faɗa, kuma ba ya maimaita magana, cewa gaba da nan ba zan je ba. Idan an rufe ajin, maganin dabba ya wuce ni ke nan har abada.

Hajiya ta tashi tsaye, kuma ba zan ce ba ta damu da mu ba. Ta damu, sai dai ta bi hanyar da kowa ke bi a lokacin. Aka aika wata makarantar maza aka aro kaya cike da bayan mota: kwalabe, ma'auni, fararen riguna, da manyan hotunan bango. Aka shafe ɗakin da farar ƙasa, aka jera duwatsu a bakin hanya su ma aka shafa musu. Sannan aka zo kan mutane. Aka ɗebo 'yan mata ashirin daga ɗaya ɓangaren, waɗanda Turanci ya zauna a bakinsu kuma kayan makarantarsu ba su koɗe ba, aka sa musu fararen riguna, aka kwana uku ana koya musu yadda ake riƙe kwalba a ɗaga ta sama a duba. Mu tara ɗin kuwa aka tsayar da mu a layi, Hajiya tana bin mu da ido daga ɗankwali zuwa takalmi. Ta ɗauki biyar. Mu huɗu, masu faci a gwiwar wando da waɗanda harshensu ke sarƙewa, ta ce mu je mu taya Iya aiki, kada kuma a ga ƙeyarmu a fili sai baƙi sun tafi. Malam ya buɗe baki zai yi magana, ta ce masa idan yana da wata dabarar da ta fi wannan ya faɗa. Ya sunkuyar da kai. Ni kuwa na tuna ina kallon wani zare da ya zazzago daga hannun rigata, ina ta naɗe shi a yatsa har yatsan ya yi fari.

Ranar zuwansu da safe aka yanka wa baƙi akuya, kamar yadda aka saba. Iya ta raba mana aiki, ni ta turo mini daro da kayan ciki ta ce ai wannan gadona ne. Ba ta yi ƙarya ba. Tun ban kai in ɗauki tulu ba nake tsugunawa kusa da Dada, kakata, duk ranar da aka yi yanka, tana juya tumbi tana nuna mini. Na ja daron zuwa gindin tagar lab, inda magudanar ruwa take, na fara wanki. Ban riga na raba tumbin ba sai na ji motar baƙi ta tsaya, na ji gaisuwa, na ji takalma sun shiga ɗakin da ke saman kaina.

Su uku ne, amma ɗaya ne ke magana, wani dattijo mai sanyin murya. Ta ramin gilashin ina hango rabin fuskarsa da hular da ta tsufa. Bai kula kwalaben da aka jera ba. Ya tsaya gaban ɗaya daga cikin hotunan aro, wanda aka zana cikin dabba mai tuƙa, ya tsallake 'yan layin gaba da aka shirya, ya nuna wata a baya ya ce ta gaya masa hanyar da ciyawa ke bi. Yarinyar ta miƙe ta gaishe shi da Turanci mai kyau, daga nan ta tsaya. Ya nuna ta biyu, ya nuna ta uku. Duk 'yan aro ne, ba laifinsu ba ne, ba a taɓa koya musu ba. 'Yan ajinmu biyar da ke ciki sun sani, amma an ja musu kunne kada wadda ta yi magana sai an nuna ta, ga shi Hajiya na tsaye a bakin ƙofa. Sai dattijon ya rufe littafinsa, ya bar Turanci ya koma Hausa, ya ce, "Malam, na daɗe a aikin nan. Rigunan nan har yanzu da karin guga a jikinsu. Ni dai ban ga ajin kimiyya a nan ba."

Ban san Iya na tsaye a bayana ba sai da na ji muciya ta taɓa kafaɗata. Ta ce da ni a hankali, "Ke, abin da yake tambaya ba shi ne a hannunki ba?" Na ce Hajiya ta hana. Ta ce, "Hajiya ta ce kada a ga ƙeyarki. To ki shiga da goshi."

Har yau ban san yadda ƙafafuna suka kai ni ba. Na san dai na zagaya da daron a hannu, ruwa na ɗiga a kan farar ƙasar da aka shafa, na yi sallama a bakin ƙofa da muryar da ni kaina da ƙyar na ji. Warin ne ya riga ni shiga. 'Yan fararen riguna suka toshe hanci, wata ta fara dariya ta haɗiye. Hajiya ta dube ni, irin kallon da ban ƙara gani ba sai a mafarki, ta ce wa baƙin yarinyar kicin ce ta ɓata hanya. Da ta bar ni haka, wataƙila da na juya. Wannan kalma ta yarinyar kicin ce ta tsayar da ni. Na wuce ta gefenta na ɗora daron a kan tebur, tsakanin kwalaben aro, na ce, "Ranka ya daɗe, ni 'yar ajin nan ce."

Dattijon ya matso, ya ce bai ji ba, in ƙara faɗa. Na ƙara. Ya ce to bismilla. Ban iya kallon fuskarsa ba, don haka tumbin na kalla, shi kuwa ba ya ba ni tsoro. Na juya babbar jakar na nuna masa cikinta mai kama da tawul, na ce nan ciyawa ke fara sauka ta jiƙa. Na nuna ta kusa da ita mai zanen saƙar zuma, na ce daga nan ake mayar da ita baki idan dabba ta kwanta tuƙa. Na buɗe mai shafi-shafi kamar littafi, inda ake matse ruwa, sannan ta ƙarshe mai santsi, wadda ita ce irin cikinmu na mutane. Ya ce in faɗi sunayensu kamar yadda suke a littafi. Na faɗa da Turancina na ƙauye, guda huɗu, ban sarƙe ba. Sai na ji bakina ya ci gaba ba tare da izinina ba, na ce idan saniya ta haɗiyi ƙusa ko guntun waya, a mai saƙar zumar nan take maƙalewa, ta rame tana nishi ba a san dalili ba sai an yanka. Ya tambaya a wane littafi na karanta wannan. Na ce kakata ce ta nuna mini.

Daga nan ya tambaye ni mu nawa ne a ajin, da gaske. Na ji numfashin Hajiya a bayana. Na ce tara. Ya ce ina sauran? Na ce uku suna yanka albasa. Ɗaya daga cikin abokan tafiyarsa ya juya baya yana tari, amma na ga kafaɗunsa suna rawa.

Aka sallami 'yan aro, aka kira na kicin suka shigo da hawayen albasa a ido. Dattijon ya ce a kawo masa littattafan rubutunmu, ya zauna a kan benci kamar ɗalibi yana buɗawa ɗaya bayan ɗaya. Ya ga zanen kwaɗo, ya ga saiwar gyaɗa da Malam ya sa muka manna da ƙaro. Ya yi mana tambayoyi har aka kira azahar. Wasu muka amsa, wasu muka faɗi ƙasa warwas, bai kuma ɓoye mana ba. Da zai fita ya ce wa Hajiya, a gabanmu, zai rubuta abin da ya gani: aji ƙarami ne, kaya babu, amma akwai karatu, a bar shi. Ya ƙara da cewa a mayar wa masu kaya kayansu kafin a fasa musu. Iya ta ce ranar ya ci abinci sosai, har ya aiko a tambaya ko akwai sauran tumbi.

Kada wani ya zaci an yi mini guɗa. Washegari a wurin taro Hajiya ta kira ni gaba, ta ce na kunyata makaranta a gaban baƙi, kuma tunda na ga dama na ƙazantar da lab, ni zan riƙa share shi kowace safiya har in gama makarantar. Ta cire mukullai daga zoben da ke hannunta ta jefa mini a ƙasa. Na durƙusa na ɗauka. Guda biyu ne a ɗaure da zare: na ƙofa, da wani ƙarami. Sai da na shiga ni kaɗai da tsintsiya na gane ƙaramin na kabad ne. Na yi shekaru ina tunanin ko kuskure ta yi, ko tana sane. Ba ta taɓa sake yi mini murmushi ba har na fita, ni kuma ban taɓa tambaya ba. Abin da na sani shi ne tun daga ranar mu tara muke riga kowa gama shara, mu taru a lab kafin a buga ƙararrawa, Malam ya jingine kekensa ya same mu. A cikin na'urar nan na fara ganin abin da ke yawo a ɗigon ruwan kududdufi, na kuma gane cewa abin da ya kashe shanun Baffa yana da jiki, ana iya ganinsa. Aikin da na yi ke nan a asibitin dabbobi har na ajiye.

Wancan lab ɗin yanzu babu shi, a wurinsa aka yi ɗakin kwamfutar. Kicin ma an matsar da shi can nesa, babu tagar da wata Iya za ta yi karatu kyauta. Ranar ziyarar, kafin in tafi, na zaunar da jikata a gindin darbejiyar da ta rage na ba ta wannan labari. Ta ce to ita yanzu ina za ta samo tumbi? Na ce ba tumbi za ta nema ba, ƙofar ofis za ta nema, kuma ba dole sai da babbar murya ba.

Bayan mako uku ta kira ni da wayar matar da ke kula da ɗakin kwanansu. Ta ce su bakwai suka je suka tsaya a ƙofar ofis suna roƙon a buɗe musu ɗakin, aka kore su, suka koma washegari, suka sake komawa. A rana ta huɗu aka ce sun cika naci da rashin kunya, an ba su horo.

Na ce wane iri?

Ta ce, "Sharar ɗakin kwamfuta, Hajiya. Kullum da safe."

Na ce mata ta fara da ɗage ledar, a ƙarƙashinta datti ke taruwa. Kuma kada ta yarda ta ce ta goge abu ba ta kunna shi ta ga ko yana aiki ba.